A Bar Maƙeran Tsafe Da Garmarsu: Martani Ga Mai Neman A Sauya Wa Tsoffin Bindigogin Soja Bututu

Malam, na karanta maƙalarka ta makon jiya, inda ka yi kira ga gwamnatin Zamfara ta fito da tsoffin bindigogin soja da na 'yan sanda da ke jibge a ɗakunan ajiya, ta haɗa da waɗanda aka ƙwace daga hannun ɓarayin daji, ta miƙa wa maƙeranmu na Tsafe da Gusau da Bunguɗu su cire musu bututu su sa wani sabo, wanda zai ci irin harsashin da ba a samunsa a kasuwa. A lissafinka, in aka raba wa mutanen ƙauye irin wannan bindiga, ko ɓarawo ya ƙwace ta ba ta da amfani a wurinsa, tunda ba shi da abin ɗura mata. Gwamnati kuma ta riƙe linzamin kowa, domin ita kaɗai ke da harsashin. Ka kawo misalin Indiya da Ostireliya, ka ce abin da wasu suka yi mu ma za mu iya.

Ban yarda da kai ba. Kuma na ga ya wajaba in fito in faɗi dalili, domin maganar ta fara yawo a majalisu da tashoshin mota, har wasu na cewa ai ga mafita Allah Ya kawo.

Ba na zargin ka da neman fitina. Duk wanda ya san harin da aka kai Kizara a watan Yunin 2013, ko ya ga iyayen yaran Wanzamai da aka kwashe a watan Afrilun 2023, ko ya taɓa riƙe numfashi a mota tsakanin 'Yankara da Tsafe da la'asar sakaliya, ya san inda wannan tunani naka ya fito. Manomi ya biya ɓarayi haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi, sannan a ce masa ya yi haƙuri. Wanda ke cikin wannan hali duk dabarar da aka kawo masa zai saurara. Shi ya sa ma ya kamata mu da muke riƙe da alƙalami mu auna abin da muke miƙa masa.

Mu fara da harsashin, tunda a kansa ka gina duk shawararka. Wa zai ƙera shi? Harsashin bindigar soja ba irin ɗurin bindigar toka ba ne da maharbi ke haɗawa a zaurensa. Kwansonsa inji ne ke matse shi da awo na ƙasa da kaurin gashi, hodar cikinsa daga masana'antar sinadarai take fitowa, haka ma ɗan abin da ke kama wuta a gindinsa. Masana'antar da gwamnatin Najeriya ta kafa domin wannan aiki ita ce DICON ta Kaduna, tun 1964, kuma aikinta shi ne ciyar da bindigogin da sojoji ke riƙe da su. In ba ita za ta yi ba, sai dai a shigo da shi daga waje, wannan kuwa sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Gwamnan jiha ba shi da wannan mabuɗi. Ba mu manta da watan Yunin 2022 ba, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19 da ke jihar. Kwana kaɗan Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, 'yan sanda kuma suka ce ba a ɗage takunkumin bayar da lasisi ba. Maganar ta tsaya a nan. To in lasisin bindigar farauta ya gagara, ta wace ƙofa kwantenar baƙon harsashi za ta shigo Gusau?

A ce ma ta shigo. Ka kwatanta wani ƙauye can bayan Bilbis ko Kunchin Kalgo, tsakiyar damina, rafi ya kawo, hanya ta yanke. An ba mutum goma bindigogin nan naka, kowa da ɗan abin da aka ƙirga masa. Ɓarayi suka zo da dare a kan babura, aka yi awa guda ana musayar wuta, harsashi ya ƙare. Maƙwabtan da suka kawo gudummawa ba za su iya ba su ko ƙwaya ɗaya ba. Sojan da ya iso da asuba, aljihunsa cike, shi ma ba zai iya ba, domin nasa ba ya shiga tasu. Sai an aika Gusau, sai an cike takarda, sai mai riƙe da mabuɗin sito ya zo ofis. Ka tuna kuma a watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin jihar makonni da dama, ko kiran ma babu. Ɓarawon fa? Shi bai rasa komai ba. AK-47 ɗinsa na rataye a kafaɗa, harsashinta shi ne ya fi kowane yawa a kasuwar bayan fage daga Libiya har zuwa dajin Munhaye. Bai taɓa dogara da bindigar manomi ba balle rashin harsashinta ya dame shi. Yunwar da ka shirya wa ɓarawo, mai tsaron gari ce za ta kama.

Rundunonin duniya sun daɗe da gane wannan, shi ya sa kullum ƙoƙarinsu rage yawan ire-iren harsashi ne, ba ƙarawa ba. Ƙasashen ƙawancen NATO sun haɗu a kan harsashi guda, 7.62, tun 1954, domin sojan wata ƙasa ya iya ɗaukar na abokinsa ya ɗura. Ba ma sai mun je nesa ba. Daga Tsafe in ka nufi Gusau, ga dutsen Kwatarkwashi nan a ƙasar Bunguɗu. A wannan yanki ne, a watan Fabrairun 1903, rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da wata 'yar ƙaramar rundunar Turawan mulkin mallaka wadda ba ta kai mutum hamsin ba, ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Kanawa ba jarumtaka suka rasa ba, sun kai hari bayan hari har Waziri ya yi shahada a wurin. Kuma Kano ta zamanin Sarki Alu ba baƙuwar bindiga ba ce. Abin da ya raba su da abokan gaba shi ne waɗancan bindigarsu iri ɗaya, harsashinsu iri ɗaya, horonsu ɗaya, kuma akwai sito a bayansu da ke aiko musu da ƙari. Darasin da wannan dutse ke ba mu kishiyar shawararka ne.

Yanzu ga misalan da ka kawo. Gaskiya ne Indiya ta yi wani abu mai kama da wannan. A zamanin mulkin Ingila, masana'antar Ishapore da ke kusa da Kalkata ta riƙa mayar da tsoffin bindigogin Lee-Enfield, dangin waɗanda tsoffin 'yan sandanmu ke kira Mak 4, zuwa masu cin harsashi ɗaya tak na .410, aka ba 'yan sanda da gandirobobi. Sai dai abubuwa uku ka tsallake. Masana'antar gwamnati ce ta yi aikin, da injiniyoyi da injina. Gwamnatin ce kuma ke ƙera harsashin da kanta. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, rage wa bindigar ƙarfi aka yi da gangan, domin masu gadi da masu kwantar da tarzoma aka yi wa ita, ba masu fuskantar mayaƙa ba. Da Indiyar ta buƙaci bindigar yaƙi mai cin 7.62 bayan karonta da Sin a 1962, ba tsoffin ta yi wa kwaskwarima ba, sabbi ta ƙera a kan tsohon fasali. Ita kuwa Ostireliya, maharba ne suka riƙa sauya wa bindigogin .303 bututu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna mayar da su .303/25 da makamantansa, saboda a wasu jihohinsu doka ta takura mallakar bindiga mai cin harsashin soja. Farautar dabbobi suke yi da su, a ƙasar da ke zaune lafiya, kuma akwai kamfanonin da ke ƙera musu harsashin. Da kamfanonin suka daina, bindigogin suka koma kayan masu sha'awar tarihi. Akwai ma misali na uku da ba ka kawo ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Italiya ta shiga ƙarancin makamai, ta ɗauko tsoffin bindigoginta na Vetterli na shekarun 1870 ta gyara su domin su ci sabon harsashinta. Ita kanta ba ta amince da ƙarfinsu ba, sai ta fi ba sojojin da ke bayan fagen daga. Ƙasa mai masana'antu ke nan, a lokacin da wuya ta kai mata iya wuya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato maƙeran kansu.

Ina girmama maƙeranmu, kuma duk ɗan ƙasar nan da ya taɓa riƙe fartanya ya san bashin da suke bin sa. Ka zauna a maƙera ka ga yaro na jan zugazugi, gawayi na ja, maigidan ya zaro guntun sifirin ɗin tsohuwar mota da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera. Ba shi da ma'aunin zafi sai idonsa. Launin ƙarfen yake kallo, daga ja zuwa ruwan goro, ya san lokacin duka da lokacin tsomawa a ruwa, kuma garmar da ta fito daga hannunsa sai ta yi damina da damina tana aiki. Wannan ilimi ne na gaske, na gado. Amma ilimin ido da kunne ne, bututun bindigar soja kuwa yana neman abin da ido ba ya gani. In ka kai tayar mota wurin mai faci, iskar da zai ba ta ba ta wuce 30 zuwa 35 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin dai, matsin da ke tashi a cikin bindigar soja lokacin da harsashi ya tashi yana haura 45,000, kuma a tazarar ɗan yatsa daga idon mai harbi yake tashi. Tsaga ɗaya a cikin ƙarfen da ba a gani daga waje, ko 'yar rata tsakanin gindin harsashi da abin da ke tokare shi, ta isa ta mayar da bindigar bam a hannun mai ita. Tsohuwar bindiga kuma, wadda ta shekara sittin ko saba'in, wadda ba wanda ya san harbi nawa ta yi ko daminar da ta kwana a rami, uwar jikinta ma abin tuhuma ce tun kafin a zo ga sabon bututu.

Turawan da suka ƙirƙiro waɗannan bindigogi ba su yarda da idon maƙeransu ba, duk da ƙwarewarsu. A Landan akwai gidan gwajin bindiga tun 1637, a Birmingham majalisa ta kafa wani a 1813. Duk bututun da za a sayar sai an kai shi can an harba shi da ɗuri fiye da ƙima, a ɗaki mai kauri ba kowa a ciki, in ya tsira a buga masa hatimi. Har yau a Ingila laifi ne sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi, kuma wadda aka sauya wa bututu sai ta koma gwaji. Mu ina namu gidan gwajin a Zamfara? Wanda zai gwada mana shi ne yaron da aka miƙa wa bindigar, da fuskarsa. A Pakistan akwai garin Darra Adam Khel, inda aka gaji ƙera bindigogi da hannu fiye da shekara ɗari, suna kwaikwayon Lee-Enfield har da lambobinta. Duk da haka masana makamai a duniya gargaɗi suke yi kada a harba irin waɗannan da harsashin masana'anta, domin ba a san ƙarfen da aka yi su da shi ba.

Akwai wani dattijo maharbi a unguwarmu da nake gaisarwa tun ina yaro. In zai karɓi gaisuwa hannun dama yake miƙowa, na hagun yana cikin aljihun riga ko da zafi ake. Babban yatsa da manuni babu, sauran ukun sun lanƙwashe sun manne da tafin, fatar wurin tana sheƙi. Adakarsa ce ta fashe masa a farauta, bindigar da ya shekara yana harbi da ita, ranar da ya ɗan ƙara mata ɗuri. Bindigar toka ke nan, wadda matsinta bai kama ƙafar na bindigar soja ba. Kusan kowane gari a ƙasar nan yana da irin wannan hannu, in ka tambaya za a nuna maka.

Sannan ka yi tunanin ranar da labari ya bazu cewa maƙeri wane a gari kaza ya iya buɗe bindigar soja ya sauya mata bututu. Wa kake jin zai fara zuwa nemansa? Mutanen da ke sace ma'aikatan lafiya su kai daji domin su yi musu jinyar raunuka, su ne za su bar mai gyaran bindiga ya kwana a gidansa? Yau maƙerin Tsafe talaka ne mai rufin asiri, ba wanda ke farautarsa. Shawararka za ta mayar da shi abin nema ga ɓarayi, abin zargi ga jami'an tsaro, kuma in ya faɗa hannun ɓarayin, ilimin da gwamnati ta kashe kuɗi ta koya masa ya koma daji tare da shi. Wanda ya iya sa bututun da ke cin baƙon harsashi, ai ya iya mayar da wanda ke cin na AK.

Ka yi nuni da cewa in an sauya girman harsashin, bindigar ta fita daga jerin haramtattu. Na san inda ka dosa. Dokar Makamai ta 1959 ta lissafa bindigogin soja masu cin 7.62 da 9 da .300 da .303 cikin waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Amma dokar nan dai ita ce ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta sai a ma'ajiyar makaman gwamnati ko da izini na musamman daga hukuma. Maƙerin da ya taɓa aikin ya riga ya taka doka kafin a zo ga awon harsashi. Kuma in an zo kamu, ba mai maƙala za a kama ba, ba kuma kwamishinan da ya ba da umarni da baki ba.

Abu ɗaya na yarda da kai a kansa, kuma shi ne ƙashin bayan maganar: wanda ya riƙe harsashi ya riƙe yaƙin. Sai dai ka nemi riƙon a inda babu shi. Ka ɗauka sito na gwamnati tulu ne da ba ya yoyo. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa ƙarshen 2018 akwai makaman 'yan sanda 178,459 da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Ƙungiyar Conflict Armament Research, wadda ta bi diddigin makaman da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna ta fitar da rahoto a farkon 2020, ta samu waɗanda suka fito daga rumbunan Libiya, da bindigogin farauta ƙirar Turkiyya da aka yi fasa-ƙwaurinsu, da ƙirar gida, da kuma waɗanda asalinsu na jami'an tsaron ƙasar nan ne. Siton da AK dubu tamanin da takwas suka sulale daga cikinsa, shi ne zai tsare baƙon harsashinka? Wata shida ya yi yawa ka ji farashinsa a bakin dillalai.

Ga kuma abin da mu 'yan Zamfara bai kamata mu yi kamar mun manta ba. Mun ga zamanin 'yan sa-kai. Da yawansu don kare garuruwansu suka fito, wasu sun ba da rayukansu. Amma mun ga yadda makami a hannun da ba rajista, ba shugaba mai amsa tambaya, ya kai ga kashe mutane a kasuwanni kan zargi kawai, aka mayar da rikicin na ƙabila, ramuwar gayya ta biyo baya a kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. Lokacin da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a ƙarshen Janairun 2024, mutum sama da 2,600, hujjar da ta sa mutane da yawa suka karɓe su ita ce an tantance su, an horar da su, suna da kaki da albashi da wanda za a kai wa ƙara. Ko su ɗin ma ana kawo koke a kansu. To ina ga bindigogin da aka sauya wa kamanni a maƙera daban-daban, waɗanda in an tsinci gawa ba mai iya cewa daga wace aka harba?

Tsoffin bindigogin da ke sito suna da hanyarsu. A ƙirga su, a rubuta lambar kowace. Wadda masu duba makamai na soja ko na DICON suka ce tana da sauran rai, a ba jami'in da doka ta sani, da harsashinta na asali, a rubuta sunansa. Wadda ta mutu a yanka ta a narkar a gaban jama'a. Tun 2021 akwai cibiyar ƙasa ta taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa domin irin wannan aiki, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 da Najeriya ta sa wa hannu ta wajabta yi wa makamai alama da ajiye rajistarsu. Ƙarfin da kake so a kashe a maƙera, a kai shi kan hanyar da harsashin AK ke bi yana shigowa. Sau nawa 'yan sanda ke nuna mana masu safara, maza da mata, da ɗaruruwan harsasai a cikin buhuna da jarkoki, an kama su a mota za su Zamfara? Kusan kowane kwanso yana da hatimin masana'antar da ta yi shi a gindinsa. Mu nemi a riƙa gaya mana daga ina waɗannan suka fito, wa ya sa hannu aka fitar da su, kuma ina shari'ar waɗanda aka kama bara ta kwana. Wannan tambaya ce da ɗan majalisar Tsafe zai iya tashi ya yi gobe, ba ta buƙatar izinin kowa.

Maƙeranmu kuwa, in da gaske ana son a taimake su, aiki na nan jibge. Garmar shanu da gwamnati ke sayowa daga nesa tana rabawa, su za su iya ƙera ta a nan. Makarantun da aka ce za a katange suna buƙatar ƙofofin ƙarfe da tagogi. 'Yan gudun hijirar da ke zaune a Tsafe da Gusau, ranar da za su koma gonakinsu ba su da ko fartanya, domin an ƙone ta tare da rumbu. A kira Sarkin Maƙera na kowace masarauta a ba shi wannan kwangila, a biya shi a kan lokaci.

Ina roƙonka, Malam, kafin ka sake rubutu a kan wannan batu, ka je maƙera ka zauna da masu sana'ar, ba a gaban jami'i ba. Ka tambayi dattijon cikinsu ko zai yarda ya sa wa bindigar soja bututu da hannunsa, sannan ya miƙa wa ɗansa na cikinsa ya fara harbawa. Abin da ya gaya maka, ka rubuto mana shi yadda ya faɗa.